Ruwanda, Ƙasar Tuddai Dubu: Inda Keke Ya Zama Jaki, Ya Kuma Zama Dokin Sukuwa

Duk wanda ya saba da hawan keke a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, inda mutum zai ɗora ƙafa bisa feda tun daga ƙofar gida har kasuwar ƙauye bai tashi daga kan sirdi ba, to, ran da aka kai shi Ruwanda sai ya koma ɗan koyo. Wannan ƙasa tana tsakiyar Afirka ta wajen gabas, Yuganda na arewa da ita, Burundi na kudu, Tanzaniya na gabas, Kwango kuwa na yamma. Faɗinta murabba'in kilomita 26,338 ne, watau kusan daidai da Jihar Sakkwato ta yau, amma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 13. Ana yi mata kirari da Ƙasar Tuddai Dubu, wanda kuwa ya gani da idonsa zai ce mai kirarin ma rangwame ya yi. Da wuya mutum ya yi tafiyar kilomita biyar a kan kwalta, in dai a arewa ne ko yamma ko kudu, bai gamu da hawa ko gangara ba.

Kigali, babban birnin ƙasar, ya fi mita 1,500 bisa teku, watau ya ɗara Jos tudu. Daga nan kuma in aka nufi arewa ko yamma hawa ake ta yi har a wuce mita 2,000. Ga hanyoyi masu kwalta mai kyau, ga sanyin iska, ga tuddai kore shar ko'ina aka duba. Wannan ne ya sa masu sha'awar hawan keke daga ƙasashe masu nisa suke ɗauro kekunansu cikin jirgin sama su zo su zaga ƙasar. Zagayen da aka fi yi yakan tashi daga Kigali ya yi arewa zuwa Musanze, ya karkata yamma zuwa bakin tafkin Kivu, ya bi gaɓar tafkin har kudu, ya ratsa dajin Nyungwe zuwa Huye, sa'an nan ya komo Kigali. Mai ƙarfi yakan yi shi cikin mako guda.

Masu hanyar na ainihi

Kafin baƙo ya fara yabon kansa, ya kamata ya san ya tarar da masu hanyar a kanta. Da harshen Kinyaruwanda ana kiran keke igare, masu haya da shi kuwa abanyonzi. Kekensu irin baƙin keken nan ne mai nauyi, marar giya, wanda aka ƙara wa ƙarfe a kariya da ƙafar gaba don ya jure kaya. Wasu sun ɗaura katifa a kariya suna ɗaukar fasinja, sanye da riguna masu lamba na ƙungiyoyinsu. Wasu kuwa dako suke yi: buhunan dankalin Turawa, nonnan ayaba, gawayi, tulunan madara, akwatunan lemo, har da ƙyauren ɗaki da kujeru. Kayan da ake ɗora wa keke ɗaya sau da yawa ya fi mai keken nauyi nesa ba kusa ba.

Idan aka zo hawa, mai dako yakan sauka ya kafa kafaɗa yana turawa, gumi na tsiyaya. Idan aka zo gangara kuwa sai ya haye, kaya su tura shi, ya riƙa sheƙa gudu yana wuce motoci, wani lokaci birki bai isa ba sai ya haɗa da tafin takalmi. Akwai kuma wata ɗabi'a mai haɗari da samari ke yi, ta kama bayan babbar mota tana jan su har ƙwanƙolin tudu. 'Yan sanda sun hana, amma wanda ya san azabar hawan nan da ƙafa zai gane abin da ke kai yaro ga wannan kasada. Baƙon da ke bisa keken da ya fi motar wani tsada, in ya ga saurayi da silifa a ƙafa da tulunan madara a baya ya biyo shi a hawa ya ƙi bari a tsere masa, sai jikinsa ya yi sanyi.

Daga Kigali zuwa Musanze

Tafiyar ranar farko ba ta cika kilomita 100 ba, amma babu wasa a cikinta. Ana fita ta Nyabugogo, inda babbar tashar mota take a cikin kwari, kafin kuwa jiki ya gama warwarewa sai ga hawan Shyorongi ya tare gaba. Hanya ta yi ta nannaɗe tudu kamar rawani, kwana bayan kwana, birni na ƙara nisa a ƙasa, kogin Nyabarongo na kwance cikin fadamarsa ja wur saboda ƙasar da ruwa ya kwaso daga gonaki. Da an kai sama sai hanya ta bi doron tudu, kwari a dama, kwari a hagu.

A nan ne baƙo zai fara lura da cewa babu daji a wannan ƙasa irin wanda mutum zai yi tafiyar sa'a guda bai ga kowa ba. Mutum fiye da 500 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita, don haka kowane tudu an nome shi daga gindi har bisa. An yanka jikin tuddai hawa-hawa kamar matakala don kada ruwa ya share ƙasa, an shuka wake da masara da dawa da rogo, ayaba ta kewaye gidaje, itatuwan turare sun yi layi a bakin hanya. Ko'ina aka tsaya shan ruwa, kafin a rufe gora yara sun taru. Kalmar da mai keke zai fi ji daga bakin mutane ita ce komera, watau ka yi ƙarfi, irin sannun da ake yi wa wanda aka gani cikin wahala.

Wajen tsakiyar tafiya akwai Nyirangarama, zangon da kusan kowace mota ke tsayawa. Wani ɗan kasuwa mai suna Sina Gerard ne ya raya wurin, shi ne kuma mai yin man barkonon nan da ake kira Akabanga, wanda ake ɗigawa a abinci da 'yar kwalba kamar ta maganin ido, gama ɗigo biyu sun isa su sa mutum hawaye. Ana samun gasasshen dankali da tsire da ruwan 'ya'yan itace. A garuruwan kan hanya kuma akwai shagunan da ba a sayar da kome cikinsu sai madara, da ɗanya da kindirmon da suke kira ikivuguto. Mai keke ba ya rasa abin da zai mai da ƙarfinsa.

Bayan an wuce Base da Gakenke akwai wani dogon hawa kuma, na Buranga, wanda ke zuwa daidai lokacin da ƙafa ta fara nauyi. Ladan wanda ya jure shi ne abin da zai gani daga sama in gari ya yi garau: duwatsun Virunga sun jeru a arewa, kawunansu cikin gajimare.

Gindin duwatsu masu aman wuta

Musanze, wanda dā ake kira Ruhengeri kafin a sauya sunayen garuruwa a 2006, yana zaune a kan tsohon toka da ƙonannen dutse. Duwatsu biyar ne ke tsaye a kansa ta ɓangaren Ruwanda: Karisimbi, da Bisoke, da Sabyinyo, da Gahinga, da Muhabura. Karisimbi ne babbansu, tsayinsa mita 4,507, babu inda ya kai shi a ƙasar. A cikin dazuzzukan gora na jikinsu ne goggon birin dutse ke zaune, wanda masu yawon buɗe ido ke biyan dala 1,500 don su zauna kusa da shi sa'a ɗaya tak.

A wajen masu keke kuwa, darajar garin ita ce nan ne aka kafa sansanin horar da 'yan tseren ƙasar. Labarin ya faro ne a 2005, sa'ad da wani Ba'amurke maƙerin kekuna, Tom Ritchey, ya ziyarci Ruwanda. Ya tarar manoman gahawa na fama da kai 'ya'yan da suka tsinka wurin wanki, alhali kuwa in ɗanyen gahawa ya yi sa'o'i da yawa ba a wanke shi ba darajarsa faɗuwa take yi. Sai ya ƙera musu wani keke mai dogon baya da giya, wanda zai ɗauki buhuna ya hau tudu. A 2006 aka shirya wata gasa a Karongi, har da tseren kekunan katako irin waɗanda 'yan ƙauye ke sassaƙawa. A nan aka ga wani saurayi, Adrien Niyonshuti, wanda ya rasa 'yan'uwansa maza shida a kisan 1994. Shi ne ya ci tseren kekunan ƙarfe. A 2007 aka kafa ƙungiyar ƙasa da mutum biyar, a hannun Jonathan Boyer, Ba'amurken farko da ya taɓa shiga babban tseren Faransa. Shekara biyar bayan haka Niyonshuti ya riƙe tutar Ruwanda a wasannin Olamfik na Landan.

Abin da ya sa aka zaɓi wannan wuri a fili yake. A tudu mai tsayi iska ba ta da kauri, abin da huhu ke samu a kowane numfashi ya ragu, a mita 2,500 yakan ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu bisa na bakin teku. Jikin da ya zauna a nan tilas ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Yaron da aka haifa a wurin, ya tashi yana tura buhun dankali a hawa, ya riga ya yi rabin horo tun bai san ana tsere don kuɗi ba. Baƙo kuwa, gara ya kwana biyu ko uku a Kigali jikinsa ya saba kafin ya fara, in ba haka ba zai ji ƙirjinsa na bugawa kamar ganga a hawan da bai taka kara ya karya ba.

Zuwa bakin tafki

Daga Musanze zuwa Rubavu kimanin kilomita 60 ne. Rabin farko hawa ne a hankali cikin gonakin dankali da na wata farar fulawa da ake yin maganin ƙwari da ita, har a wuce Mukamira, inda sanyi ke sa mutum neman rigar ɗumi da rana tsaka. A kan wannan hanya ce ƙauyen Sashwara yake, garin Gasore Hategeka, maraya mai dakon dankali, wanda ya riƙa ganin 'yan ƙungiyar ƙasa na wucewa da kekunansu masu sheƙi, ya riƙa bin su da nasa baƙin keken har aka lura da shi aka ɗauke shi. Samarin yankin da yawa sun bi sawunsa.

Sa'an nan sai gangara, doguwa mai daɗi, ta ratsa gonakin shayi na Pfunda, har tafkin Kivu ya bayyana shuɗi a ƙasa. A nan ne ake bukatar birki mai kyau da hankali, domin hanya cike take da masu tafiya a ƙasa, da awaki, da masu dako da ke saukowa kamar an harbo su. Kogin Sebeya da ke bin gefen hanya yana da kyan gani da rani, amma a watan Mayu na 2023 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya sa shi ya yi ambaliya, tuddai suka zabtare, mutum fiye da 130 suka rasu a yamma da arewacin ƙasar. Tudun da ke ba baƙo sha'awa, shi ne ke hana mai gida barci da damina.

Rubavu, watau Gisenyi ta dā, tana manne da birnin Goma na Kwango, shingen iyaka kaɗai ya raba su. Da dare, in sama ta yi haske, akan hangi jan wuta a bisa dutsen Nyiragongo, wanda ya yi amai a 2002 da 2021. A ƙarshen Janairu na 2025 'yan tawayen M23 suka kama Goma. Masu bincike na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce Ruwanda na taimaka musu da sojoji da makamai, gwamnatin Kigali kuwa ta ce tsaron iyakarta take yi. An sa hannu kan yarjejeniyar sulhu tsakanin ƙasashen biyu a Washinton a watan Yuni na 2025, amma mai niyyar bin wannan yanki wajibi ne ya nemi labarin halin da ake ciki kafin ya ɗaura kaya.

Gaɓar Kivu

Tafkin Kivu yana mita 1,460 bisa teku, a ƙarƙashin ruwansa kuma akwai iskar gas mai yawa wadda ake zuƙowa a Karongi ana yin lantarki da ita. Hanya biyu ce ke bin gaɓarsa zuwa kudu. Akwai turbar ƙasa da aka buɗe wa masu yawo a 2011, mai tsawon kilomita 227 daga Rubavu zuwa Rusizi, wadda ke bi ta ƙauyukan masunta da wuraren wankin gahawa, amma sai keke mai kaurin taya. Akwai kuma kwalta, wadda ta fi hawa can sama, ta bi gefen dajin Gishwati da gundumar Rutsiro kafin ta sauko Karongi.

Wanda ya dubi taswira zai zaci hanyar bakin ruwa shimfiɗaɗɗiya ce. Ina! Tuddai ne suka gangaro suka tsoma ƙafa cikin tafki, kowane rafi da ke shiga tafkin ya yanka kwarinsa, saboda haka mai keke zai sauka kwari ya hau tudu, ya sauka ya hau, har ya daina ƙidaya. Masana hanyar sukan ce wannan yanki ne ya fi kowane gajiyarwa, shi ne kuma ya fi kowane kyau. Da magariba masunta kan fito da jiragensu, uku-uku a haɗe da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa, su kwana bisa ruwa da fitilu suna kamun wani ɗan ƙaramin kifi da ake kira sambaza, wanda ake soyawa a ci har ƙaya.

A bisa tuddan da ke kudu da Karongi akwai wurin da ake kira Bisesero. Cikin kwana ɗari na 1994, daga 7 ga Afrilu zuwa Yuli, an kashe 'yan ƙabilar Tutsi da Hutun da suka ƙi goyon bayan kisan, mutum wajen 800,000 bisa lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya, fiye da miliyan ɗaya bisa lissafin gwamnatin ƙasar. Mutanen Bisesero sun taru a kan tudun Muyira, suka yi makonni suna kare kansu da duwatsu da masu, kafin a kawo musu sojoji da 'yan daba cikin manyan motoci. Dubun dubata suka hallaka, kaɗan suka tsira. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wurin tunawa da su cikin wuraren tarihi na duniya, tare da na Murambi da Nyamata da Gisozi. Kusan kowace gunduma da mai keke zai ratsa tana da irin wannan makabarta a bakin hanya. Ladabin baƙo shi ne ya rage murya a wurin, kada kuma ya tambayi kowa ƙabilarsa, gama wannan tambaya ba a yinta a Ruwanda ta yau.

Dajin da ya raba ruwa biyu

Daga kusurwar kudu ta tafkin, hanya takan juya gabas ta bi ta gonakin shayi na Gisakura ta shiga Nyungwe. Nan kaɗai ne a duk zagayen mutum zai yi tafiya mai nisa babu gida babu gona. Daji ne mai duhu, ya fi murabba'in kilomita 1,000, yana cikin tsofaffin dazuzzukan tudu na Afirka, akwai irin birai 13 a cikinsa. Kwalta ta hau har wajen mita 2,500, hazo na tashi daga kwaruruka, ruwan sama kuwa ba ya sallama kafin ya sauko. Babu shago, babu mai faci, saboda haka sai mutum ya shiga da guzurinsa da famfonsa da tayar ciki ta ajiya, ya kuma tashi da sassafe don kada dare ya same shi. Akan ga sojoji jefi-jefi a bakin hanya, domin dajin ya dangana da iyakar Burundi.

Wani abin mamaki a nan shi ne doron tudun da hanyar ta ƙetare shi ne ya raba manyan kogunan Afirka biyu. Ruwan da ya zuba ta yamma da shi zai gangara Kivu, ya bi kogin Rusizi zuwa tafkin Tanganyika, ya shiga kogin Kwango, ya ƙare a tekun Atilantika. Wanda ya zuba taki kaɗan ta gabas kuwa zai bi Nyabarongo da Akagera zuwa tafkin Biktoriya, ya shiga kogin Nilu, ya wuce Sudan da Masar har Bahar Rum. Ikon Allah ke nan.

Da an fito ta Kitabi sai gonakin shayi kuma, sa'an nan Nyamagabe, sa'an nan Maraba mai gahawa, har Huye, wadda dā ake kira Butare. Garin ilmi ne, a nan aka kafa jami'ar ƙasar ta farko a 1963, akwai kuma gidan adana kayan al'ada da aka buɗe a 1989. Daga Huye zuwa Kigali kimanin kilomita 130 ne, ta Nyanza, tsohuwar fadar sarakunan Ruwanda, inda har yanzu ake kiwon shanun sarauta masu dogayen ƙahoni da ake kira inyambo, da Ruhango da Muhanga. Tuddan wannan yanki sun fi sauƙi, amma motoci sun fi yawa.

Bangon Kigali

Wanda ya komo birni yana jin ya gama, akwai sauran guda. A gefen Nyamirambo, unguwar da Musulmin birnin suka fi yawa, akwai wani titi da aka shimfiɗa da duwatsu, mutanen gari na ce masa Kwa Mutwe, 'yan tsere kuwa na ce masa Bangon Kigali. Tsawonsa bai wuce mita 400 ba, amma a kowace mita 100 da aka ci gaba an hau mita 11, ga duwatsu na girgiza keke kamar zai warwatse. Ran da tsere zai bi ta nan, jama'a kan cika bakin titi da kan katanga da rufin gidaje, ba masaka tsinke.

Tseren zagaya ƙasa, wanda ake kira Tour du Rwanda, an fara shi a 1988, hukumar kekuna ta duniya ta karɓe shi cikin jerin gasanninta a 2009. Daga 2014 zuwa 2018 'yan gida ne suka yi ta cinye shi: Valens Ndayisenga sau biyu, da Jean Bosco Nsengimana, da Joseph Areruya, da Samuel Mugisha. A 2019 aka ɗaga darajar gasar, manyan ƙungiyoyi suka fara zuwa, daga nan har 2025 ba ɗan Ruwanda da ya sake ci. 'Yan Iritiriya suka ɗauka sau huɗu, Turawa sau uku.

Daga 21 zuwa 28 ga Satumba na 2025 Kigali ta karɓi gasar kekuna ta duniya, karo na farko da aka yi ta a Afirka. An yi ta muhawara kafin a zo. Majalisar Tarayyar Turai ta nemi a soke saboda yaƙin Kwango, masu kare haƙƙin ɗan Adam suka ce gwamnatin Shugaba Paul Kagame na amfani da wasanni don rufe bakin masu sukarta, wasu kuma suka ce an daɗe ana kai gasar ƙasashen da ba a tambayi halinsu ba, sai da aka zo Afirka. Hukumar ta tsaya a kan bakanta, aka yi gasa lafiya. Tseren maza kilomita 267.5 ne, jimlar hawan da ke cikinsa mita 5,475, watau ya fi a hau Karisimbi tun daga bakin teku. Tadej Pogacar na ƙasar Sulobeniya ya ɓalle a kan Dutsen Kigali saura kilomita fiye da 100, ya yi 66 na ƙarshe shi kaɗai. Cikin mutum 165 da suka tashi, 30 ne suka kai ƙarshe, ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier na Iritiriya. A ɓangaren mata Magdeleine Vallieres ta Kanada ce ta ci.

Wannan sakamako ya nuna inda gizo ke saƙa. Tudu da huhu da juriya duk akwai su a Ruwanda, abin da ya yi ƙaranci shi ne keken tsere, wanda kuɗinsa ya fi abin da mai dako zai tara cikin shekaru, da gasanni a kai a kai, da takardar izinin shiga Turai inda ake goge ƙwararru. Baƙi sun kwashe tutocinsu sun tafi, abanyonzi kuwa washegari suka koma turin ayaba a Shyorongi. Ko gasar za ta canja rayuwar yaran da suka hau katanga suna kallo, wannan ya rataya ga abin da hukumomi za su zuba a makarantun horo na ƙauyuka, irin wadda Niyonshuti ya buɗe a garinsu Rwamagana.

Ga mai niyya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne rani, daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba, ko kuwa ɗan tsakanin da ake samu daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu. Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi. Ana tuƙi ta hannun dama. Ɗan ƙasar Afirka ba ya bukatar neman biza tun daga gida. Kada a shiga da jakar leda, an hana ta tun 2008. Ranar Asabar ta ƙarshen kowane wata da safe ana aikin gayya na ƙasa baki ɗaya, wanda ake kira umuganda, shaguna na rufe, motoci na tsaye har wajen tsakar rana, sai a shirya tafiya da sanin haka. A tanadi keke mai giya masu sauƙi ƙwarai, da sabon birki, da hular kwano, da rigar ruwa, da fitila, gama rana na faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuwa ba ya jinkiri.

In kuma wani saurayi mai tulunan madara ya biyo baƙo a hawa ya wuce shi yana murmushi, kada ransa ya ɓaci. Ya ce masa komera, ya bar shi ya tafi, domin shi madarar nan tilas ta isa gari kafin rana ta yi zafi.